Yadda aidin ke jera ƙwayoyin naftalin a cikin kiristal

Ƙanena na Ringim, ka tambayi yadda aidin ke kama ƙwayoyin naftalin, sinadarin kafur ɗin da iyayenmu mata ke sakawa a adaka, har su jeru cikin kiristal.

Aidin da ke ɗaure da kabon yana da ɗan gurbi a goshinsa mai ƙarancin ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da atom. Zoben naftalin kuwa cike yake da su, sai gurbin ya fuskance shi, su riƙe juna. Idan akwai sinadarin fulorin a jikin ƙwayar da ke ɗauke da aidin ɗin, yakan janye ilektoron, riƙon ya ƙara ƙarfi. A cikin danginsa na sinadarai da ake kira halojin, aidin ya fi buromin kamu, buromin ya fi kulorin. A 2013 IUPAC, ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, ta fitar da ma'anar wannan riƙo da ake kira ɗaurin halojin.

Abin da ya fi burge ni, nauyin aidin kan sa wasu kiristal ɗin su riƙa walƙiya idan an haska musu hasken UV, wanda ido ba ya gani.