Eh, da gaske yana juyawa

Malam ka ce wai ƙwayar sinadari ɗaya tak za ta juya kamar inji, kuma me ya sa ake manna ta jikin abu mai tauri? Wallahi gaskiya ne, Ben Feringa na jami'ar Groningen a Holan ya haɗa irinta a 1999, haske da ɗan zafi ke juya ta gefe ɗaya bata komawa baya, amma in tana yawo cikin ruwa juyin banza take kamar injin markaɗen da ba a kafa ba. Shi yasa a 2005 shi da abokan aikinsa suka ɗaure ƙafafunta biyu jikin ƙwayoyin zinare, ƙasan na tsaye saman na juyawa abinsa. Feringa ya samu lambar yabo ta Nobel a 2016.