Amsa Ga Almajirina Kan Shafin XML Da Ya Ƙi Fitowa Iri Ɗaya A Kowace Burauza

Yarona, na duba aikin da ka kawo mini. Ka rubuta fayil na XML, wato tsarin adana bayanai cikin alamomi, mai ɗauke da jerin littattafai da taƙaitaccen bayanin kowanne, ka haɗa shi da takardar XSLT, wato takardar umarnin canza XML zuwa wani tsari, domin burauzar mai karatu ta mayar da shi shafin HTML da kanta, sai sakamakon ya rabu gida uku. Da ka buɗe shi daga sabar gwaji, Chrome ta nuna shi yadda ka so. Firefox kuwa ta fito da alamomin <b> da <i>, na kaurara rubutu da karkata shi, a fili cikin rubutu, ba ta yi aiki da su ba. Da ka buɗe fayil ɗin kai tsaye daga kwamfutarka, Chrome ɗin da ta yi maka daidai ɗazu ta ba ka farin shafi. Ka tambaye ni inda ka yi kuskure.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, takardarka ɗaya ce, amma injin da ke karanta ta ba ɗaya ba ne. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan yanar gizo, ta tabbatar da ƙa'idar XSLT 1.0 a watan Nuwamba na 1999, kuma kowane mai ƙera burauza ya aiwatar da ita ta hanyar da ya ga dama. Firefox tana da injinta mai suna TransforMiiX. Chrome da Safari sun dogara ne da libxslt, wadda aka rubuta da harshen C. Internet Explorer, wadda aka yi wa ritaya a watan Yuni na 2022, ta kasance tana aiki da MSXML na Microsoft. Dukkansu sun tsaya a kan 1.0, duk da cewa 2.0 ta fito a 2007, 3.0 kuma a 2017. Saboda haka idan ka ga misali mai kyau yana amfani da xsl:for-each-group wajen kasa bayanai rukuni-rukuni, kada ka wahalar da kanka, babu burauzar da za ta karɓe shi. Dole ka koma ga xsl:key da generate-id.

Batun Firefox shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne ainihin bambancin yake. Na ga ka cusa HTML na bayanin kowane littafi cikin sashen CDATA, wato sashen da XML ke ɗaukar duk abin da ke cikinsa a matsayin rubutu zalla, sannan ka sa disable-output-escaping="yes" domin alamomin su fito a matsayin alamomi. Chrome da Safari suna gama canjin ne su rubuta sakamakon a matsayin dogon zaren haruffa, sannan su miƙa wa mai karanta HTML ya sake karanta shi tun daga farko. A wannan karatu na biyu ne haruffan nan uku, <b>, suke zama umarnin kaurara rubutu. Firefox ba ta bin wannan hanya ko kaɗan. Tana gina bishiyar shafin ne kai tsaye yayin da canjin ke gudana, reshe bayan reshe, ba tare da ta rubuta komai a matsayin haruffa ta sake karantawa ba. Abin da ya shigo mata a matsayin rubutu, rubutu zai tabbata. Umarnin da ka ba ta ya shafi wani mataki ne da ba ya cikin aikinta.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin lahani a Firefox, kamar yadda na sha jin masu koyo suna faɗa. Ƙa'idar 1999 da kanta ta bayyana cewa injin da ba shi da iko da yadda za a rubuta sakamako ba a wajabta masa bin wannan umarni ba. Wato ka jingina aikinka ne da abin da ba a yi maka alkawarinsa ba. Gyaran kuwa yana cikin bayanan, ba cikin takardar canji ba: ka cire CDATA, ka rubuta <b> da <i> a matsayin alamomin XML na gaskiya, kowace a buɗe a rufe yadda ya dace, sannan ka kwafe su da xsl:copy-of ko ka yi wa kowace samfurinta na xsl:template. Da zarar ka yi haka, injinan duka za su ga rassan bishiya ne, kuma za su fito da abu ɗaya. Akwai masu ɗaukar rubutun da JavaScript bayan shafi ya buɗe su zuba shi cikin innerHTML, inda burauza ke karanta rubutu a matsayin HTML. Yana aiki, amma ban yarda ka yi shi da bayanan da ba kai ka rubuta ba, domin duk wanda ya iya saka rubutu a fayil ɗin ya samu ƙofar gudanar da umarninsa a burauzar masu karatunka.

Farin shafin da Chrome ta ba ka lamari ne na tsaro. Idan adireshi ya fara da file://, burauza tana ɗaukar kowane fayil a matsayin mai asali na daban, don haka ba ta barin fayil na XML ya jawo takardar XSLT ko da suna zaune a jaka ɗaya. Firefox ma ta tsaurara wannan tun fitowarta ta 68 a 2019. Ka tayar da ƙaramar saba a kwamfutarka, umarnin python -m http.server ya wadatar, ka riƙa gwaji ta nan. Idan ka ɗora aikin a sabar gaske, ka tabbata tana aika takardar da nau'in text/xml ko application/xml, domin Firefox tana ƙin takardar da aka aiko mata a matsayin rubutu zalla. A layin xml-stylesheet kuma ka bar type="text/xsl", shi ne wanda dukkansu suka sani.

Akwai wani tarko da bai kama ka ba tukuna, amma na gan shi a takardarka. Ka yi amfani da position(), mai ba da lambar matsayin reshe, a kan node(), mai zaɓar kowane irin reshe, wajen lambanta littattafai. Filin da ke tsakanin alama da alama, wato tazara da sabon layi, shi ma reshe ne a bishiyar XML, kuma ana ƙidaya shi. MSXML takan zubar da irin wannan fili tun wajen loda fayil, sauran kuwa suna riƙe shi, shi ya sa tsofaffin takardun da aka rubuta domin Internet Explorer suke ba da lamba 2, 4, 6 a wasu burauzoji inda ake jiran 1, 2, 3. Ka sa xsl:strip-space a saman takardar domin a zubar da wannan fili, kuma ka ambaci sunan alamar da kake nufi a cikin select.

Yanzu ga ra'ayina game da aikin baki ɗaya, kuma ina so ka saurare shi da kyau. Koyon XSLT ba asara ba ne, harshe ne mai tsari da ke koya wa mutum raba bayanai da kamannin shafi, kuma ina ƙaunarsa. Amma barin canjin a hannun burauzar mai karatu gini ne a kan ƙasar da ke zaizayewa. A 2025 masu Chrome sun sanar cewa za su cire XSLT daga burauzarsu, har da XSLTProcessor da ake kira daga JavaScript, bisa dalilin raunin tsaro a tsohuwar libxslt da kuma ƙarancin shafukan da ke amfani da ita. Shafin da ya dogara da wannan hanya zai wayi gari yana nuna XML ɗanye.

Don haka ka gyara takardar kamar yadda na nuna maka, sannan ka mayar da canjin zuwa saba, ko ka yi shi tun lokacin shirya shafin da xsltproc ko Saxon, manhajojin da ke gudanar da XSLT a wajen burauza, ka aika wa mai karatu HTML gamamme. Injin zai zama ɗaya, wanda kai ka zaɓa kuma ka gwada, kuma da Saxon za ka iya amfani da XSLT 3.0 yadda kake so. Idan wani aiki ya tilasta a yi canjin a cikin burauza, akwai SaxonJS, wadda take zuwa tare da shafin a matsayin JavaScript. Ka fara da cire CDATA, ka buɗe shafin a Firefox da Chrome ta ƙaramar sabar, ka kawo mini in gani kafin mu taɓa saitin babbar.