Tsakanin Mario da Contra, wanne ne gaba?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi a cikin tsofaffin wasannin bidiyon nan. A wurina Contra ce ta ɗaya. Muna yara a Makka, bayan la'asar ni da yayana muke dasa kanmu gaban talabijin da Famicom ɗinmu, na'urar wasan da Larabawa ke kira kwamfutar iyali. Mutum biyu ke bugawa lokaci guda, in rayukanka sun ƙare ka ɗauki na ɗan'uwanka, nan rigima ke tashi. Kaset in ya ƙi, a hura masa iska a mayar.

Super Mario na 1985 shi ne na biyu a wurina, saboda bi da bi ake yi, jiran yana da zafi. Sai Tetris, har yau ina buga ta a waya.