Zuwa ga Malamin Kano mai tambayar ko muna wasan kaka a Damagaram

Malam, na ga tambayarka, wai mu nan Zinder, wato Damagaram, in kaka ta yi akwai wani kiɗa ko wasa da ya rage mana, ko kuwa Faransa ta wanke mu tas. Ban ji haushi ba wallahi, mun saba, duk ɗan Nijar da ya taɓa sauka Kano an kira shi Buzu ko da kakan kakansa a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, aka binne shi. To amma tunda da ladabi ka yi tambayar bari in ba ka amsa.

Yanzu haka da nake maka rubutu ruwa ya fara ɗaukewa, ana yankan gero ta wajen Mirriah da Matamai da Magariya, amalanke sai shigowa suke da dammunan gero niƙi-niƙi, yara na gasa tumu a bakin hanya, mata sun fara fito da soyayyar fara. Wannan duk kun san shi. Abin da ba ku sani ba shi ne a wajenmu kaka lokacin kokawa ne. Ku dambe kuka fi ɗauka da zafi, mu kuwa kokawa ce sarauniya. Da hatsi ya shiga rumbu ciki ya ɗauka, samarin ƙauye za su fara gayyatar na ƙauyen gaba, a share fili a zuba rairayi, makaɗi ya ɗau zuga, ka ga ƙato ya fito da layu da guraye tun daga damtse har ƙugu yana kirari yana nuna wanda yake so da yatsa. Daga irin wannan fili ake tsamo mutum, a tace a tace har a fidda goma da za su tsaya wa jihar Damagaram a gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara tun 1975 a Tawa, jihohi 8 kowace da mutum gomanta. Filin kokawarmu na nan Zinder sunan Langa-Langa aka sa masa, ka tambayi duk wani dattijo a Kasuwar Dole waye Langa-Langa ko Balla Haruna, tsofaffin zakarun kokawa, ka ga yadda zai gyara zama. Ranar da ɗan Damagaram ke karawa a gasar nan ko mai kabu-kabu ba ka samu da sauƙi, kowa na manne da rediyo.

Sai wasan kara, shi ne na fi so in ba ka labari don ban taɓa jin Bakano ya ce ya san shi yadda muke yinsa ba. Sai an gama girbi kara ya bushe tukuna. Matasa su naɗa nasu shugaban ƙasa, nasu gwamna, nasu sarki da dogarai da jandarmomi, komai kuma da kara ake haɗa shi, bindiga ta kara, tabarau na kara, agogon hannu, har na'urar ɗaukar hoto da ɗan jarida na ƙarya zai riƙa tura wa mutane a fuska. Ina yaro wani yayanmu aka ba shi gwamna, ya kwana biyu yana koyon tafiyar mutumin da yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, ranar wasa ya cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, ya tashi zai yi jawabi ya yi ta jero Faransancin da babu shi a duniya, tsohuwarmu ta yi dariya har sai da aka riƙe ta. Kuma manyan na gaskiya suna zaune suna kallon ana kwaikwayonsu, ba mai cewa a kama yaro. Wannan jinin ne ya sa wasan kwaikwayon Hausa ya yi ƙarfi a garin nan, su Yazi Dogo da ƙungiyarsu a nan Zinder suka yi suna, suna ba mutane dariya a rediyo da tele tun ba a san za a yi wani abu wai shi Kannywood ba.

Maganar kiɗan fada kuwa ba sai na ja ba, kakaki da algaita suna nan a ƙofar Sultan, kuma wanda bai taɓa jin makaɗin fada Ma'azu Ɗan Alalo yana jero sarakunan Damagaram ba, to a nemo masa kaset.

To ga inda kuke yawan soka mana magana, wai ai sarakunanku Barebari ne don haka ku ba Hausawan asali ba ne. E, gidan sarautar Damagaram daga Barno tushensa yake, ba mu taɓa ɓoyewa ba. Amma Malam, gidan sarautar Kano fa? Tun jihadi Fulani ne a kai, wa ya taɓa ce muku ku ba Hausawa ba ne? Sarkinmu Tanimu da ya kewaye Birni da ganuwa Hausa ake yi a kasuwarsa, ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Agadas har Tarabulus a Zangonmu yake sauke kaya. Tsakaninmu da ku bai fi tafiyar kilomita 240 ba, Daura ma ta fi kusa da mu a kan Yamai nesa ba kusa ba. Turawa ne suka ja layi, garin nan ma shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin su kwashe su koma Yamai. Kuma a 2025 hukuma ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ban sani ba ko ku can an yi muku haka.

Aure kuma gaskiya ne muna cuɗanya, kuma ba ma jin kunya. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, har ta rasu ɗakinta bai rabu da turaren wuta da humra ba, in Bafillatana mai nono ta shigo gidan sai sun yi rabin awa suna tsokanar juna kafin a yi ciniki. Matar kawuna Buzuwa ce daga Tanut, 'ya'yanta duk Hausa suka tashi da ita. Abin da ya taɓa ni shi ne ƙanwata da aka kai aure Kano, shekara da shekaru dangin miji ba su daina ce mata 'yar Faranshi ba, ta yi magana a yi dariya, ta yi tuwo a ce na Nijar ne, alhali alkakin da muka kai na gara har maƙwabta sai da suka aiko a ƙara musu. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023 ta haihu, tsohuwarmu ba ta samu zuwa suna ba, ta yi kuka ba kaɗan ba.

Amma in gaya maka gaskiya wasannin nan suna ja baya, kuma ba Faransa ce ta ci su ba. Kaka lokacin bukukuwan aure ne, da can sai a kira masu kalangu da zabiya, 'yan mata su yi gaɗa a dandali har dare ya raba. Yanzu yaro ne zai zo da manyan lasifika da kwamfuta, kuma me yake sakawa? Waƙoƙin finafinanku na Kano, daga farko har ƙarshe. Samari na zaune a fada, wato majalisarsu ta hira, suna dafa shayi kowa da waya a hannu, su ma abin da suke kallo ke nan. Ga wasu malamai a gefe da suka ce kiɗan duk haramun ne, makaɗa da yawa sun rataye ganga, 'ya'yansu sun kama kabu-kabu. Ga rantire, wato komawar yara makaranta, a watan Oktoba, kuɗin da mutum zai yi wa maroƙi kari ya tafi wajen littafi da kayan lakwal, ga zazzaɓin kaka da ba ya barin gida.

Watan gobe za mu aurar da ɗiyar yayana, wancan dai da ya yi gwamnan kara, kuma rigima ake yi a gidan tun yanzu. Shi ya rantse sai an kawo masu kalangu, amarya da ƙawayenta sun ce su mai lasifika suke so, uwar amarya ta ce ita walima kawai ta sani. Ni dai na ce zan biya kuɗin masu kalangun, jikka nawa ne ma, in ya so su yi nasu da dare.