Zauren Masu Karatu: Mai gidana yana neman kuɗin hayar shekara biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, kuma shekara-shekara nake biyan haya. Bana mai gida ya ninka kuɗin, ya ce ko in biya na shekara biyu ko in kwashe kayana cikin wata guda, in ba haka ba zai kware kwanon ɗakina. Shin doka ta ba shi wannan dama?

Wani ɗan kasuwa, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Doka ba ta ba shi ba. Dokar haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga mai biyan shekara-shekara, kuma hukuncin shi ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Sai dai ka lura, wanda ya biya ma ya yi laifi. An keɓe Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA daga dokar, amma Agege tana ciki.

Batun tashi kuwa, matuƙar babu takardar yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi daban, haƙƙinka ne a ba ka notis na wata 6, sannan na kwana 7, daga nan kotu ce kaɗai za ta iya fitar da kai. Mai gidan da ya kware rufi ko ya watso kayan ɗan haya waje yana fuskantar tarar da ta kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6.

Ƙarin kuɗin ne inda gizo ke saƙar. Dokar ta yarda ka nemi kotu ta duba ko ƙarin ya wuce kima, ta la'akari da abin da ake biya a unguwar, amma ba ta ƙayyade farashi ba, kuma a ganina wannan ne rauninta, domin a garin da masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, dillali yana da wani a ƙofa tun kafin a saurari ƙararka.

Saboda haka kada ka daina biyan tsohon kuɗin, domin bashi yana raunana hujja. Ka biya ta banki, ka adana rasit, ka nemi ya rubuto maka buƙatarsa, sannan ka kai maganar cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin jihar, inda ake yin sulhu kyauta, kafin ka ɗauki lauya.