In sayi tsohuwar NS-10 ko in nemi sabuwar sifika?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo a Kano, ina haɗa waƙoƙi da tallan rediyo. An kawo mini sifikun Yamaha NS-10M guda biyu na hannu, masu farin faifai ɗin nan, a kan kuɗin da ya kusa na sababbi. Mai su ya ce da su manyan situdiyoyin duniya suka yi suna. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, amma bai faɗa maka dalilin sunan nasu ba.

Tun farko sifikar situdiyo ba don daɗin kunne ake yin ta ba, don ta tona aibin aikinka ake yin ta. A Amurka, Altec 604 da ta fito a 1944 ta daɗe tana mulkin situdiyoyi, ƙatuwa ce mai inci 15 da ƙaho a tsakiyarta. A Ingila, Tannoy ta fitar da irin tata a 1947, BBC kuma ta tsara 'yar ƙaramar LS3/5a a 1975 saboda motocinta na ɗauko shiri daga waje, inda wuri ya yi ƙunci.

Ita NS-10M labarinta daban ne. Yamaha ta fitar da ita a 1978 don masu jin kiɗa a falo, kuma ba ta samu karɓuwa ba, saboda sautinta yana da kaushi. Masu haɗa sauti ne suka gano amfanin wannan kaushin: tana turo tsakiyar sauti gaba, wurin da muryar mawaƙi take, har kowane ɗan kuskure ya fito fili. Bob Clearmountain, wani shahararren mai haɗa sauti, na cikin waɗanda suka yi mata suna, har aka san shi da rufe ƙaramar sifikar sama da takardar tishu don rage kaifinta. A 1987 kamfanin ya fitar da samfurin situdiyo, a 2001 ya daina yin ta gaba ɗaya.

To, ga shawarata. In su ne za su zama sifikunka kaɗai, kada ka saya. Ba sa fitar da bes mai zurfi, kai kuwa waƙoƙinka a gidan biki da cikin Adaidaita Sahu za a buga su, inda bes yake da muhimmanci. Sannan ba su da amfilifaya a ciki, sai ka nemi mai kyau daban, wannan ma wani kuɗin ne. Sabuwar sifika mai amfilifaya a jikinta za ta fi yi maka aiki yanzu.

Amma in kana da wasu, kana neman na biyu da za ka riƙa gwada murya a kansu, sun cancanci kuɗinsu, muddin lafiyarsu ƙalau. Je da aikin da ka haɗa da hannunka, ka saurare shi a kansu. Ka danna farin faifan a hankali da yatsu. In ka ji yana gogar wani abu a ciki, ya lalace. Ka kara kunne a ƙaramar sifikar sama ta kowacce, domin ita ce ke saurin ƙonewa. Ka duba ko faifan na asali ne, don da yawa an sauya musu da na kwaikwayo, kuma farin launi kaɗai ba shaida ba ne. In ɗaya ta fi ɗaya ƙara ko kaifin sauti, ka bar su, ko da an rage maka kuɗi, domin samun kayan gyaransu na asali yana da wuya.