Tambaya da Amsa: Jama'a ne suka juya akalar wutar lantarki a Jamus?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa, "Malam, na ji ana cewa talakawan Jamus ne suka tilasta wa gwamnati komawa ga wutar sola da ta iska. Anya talaka yana da wannan ƙarfin?"

Amsa: Yana da shi, ɗan'uwa, muddin ra'ayinsa ya isa akwatin zaɓe.

A ƙarshen 2010 gwamnatin Angela Merkel ta tsawaita wa'adin tashoshin nukiliyar ƙasar. Sai ga bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a watan Maris na 2011. Jama'a suka cika titunan Jamus suna zanga-zangar adawa da nukiliya. Kafin watan ya ƙare, jam'iyyar Merkel ta CDU ta rasa mulkin jihar Baden-Württemberg a zaɓe, wadda take riƙe da ita tun 1953, kuma ɗan jam'iyyar masu rajin kare muhalli, Winfried Kretschmann, ya zama firimiyan jihar a watan Mayu. Cikin 'yan watanni majalisa ta amince a rufe tashoshin baki ɗaya. Ukun ƙarshe an kashe su a Afrilun 2023. Merkel masaniyar kimiyya ce, amma a ganina lissafin ƙuri'a ya fi na fiziks nauyi a wannan karon.

Tun kafin nan, dokar shekarar 2000 ta ba duk wanda ya ɗora faifan sola a rufin gidansa tabbacin sayen wutarsa a kan tsayayyen farashi na shekara 20. Manomi ya ga riba, ya zama mai kare tsarin da bakinsa.

Sai dai jama'ar da ke son wutar iska ba sa son a kafa musu injinta a bayan gida. A jihar Bavariya, koke-koken mazauna ƙauyuka ya haifar da doka a 2014: tazarar injin iska daga gidaje ta ninka tsayinsa sau 10. Injin mai tsayin mita 200 sai ya yi nisan kilomita 2, kuma a ƙasa mai cunkoson garuruwa ina za ka sami wannan fili? Gini ya kusa tsayawa cak, har aka sassauta dokar a 2022. Haka layin SuedLink, da zai kai wutar iska daga arewa zuwa masana'antun kudu: mutane suka ƙi ganin turaku a gonakinsu, gwamnati ta yanke a 2015 a binne wayar a ƙasa, kuɗi ya ƙaru, aikin ya ja shekaru.